Yadda Ake Mayar Da Ƙaramar Motar Ado Ta Koma Sak Peugeot 504 Ɗin Da Aka Taɓa Yi A Gida

Kamfanonin da ke ƙera ƙananan motocin ado, irin waɗanda ake ajiyewa a kan tebur ko cikin kabad ɗin gilashi, mota suke kwaikwaya kamar yadda ta fito daga masana'anta a Turai. Wanda ya sayi irin wannan mota don ya tuna da wadda mahaifinsa ya taɓa hawa, ko wadda shi kansa ya fara saya da albashinsa, yakan buɗe kwali ya ga siffar ta yi daidai amma motar ba ita ba ce. Launin daban, lambar ta Faransa ce, babu kariya a sama, babu robar da ke tare taɓo a bayan taya. Daga nan ne wata sana'a ta samo asali, wadda masu tara irin waɗannan motoci ke kira Code 3, wato motar da wani ya sake wa kama bayan ta bar hannun kamfanin da ya yi ta. Aikin ya haɗa aikin hannu da na kwamfuta, kuma yau da firinta ta 3D ta yi araha, abin da a da sai ƙwararru ya zo hannun kowa.

Peugeot 504, wadda Hausawa suka fi sani da Fijo, ita ce misalin da ya fi dacewa. An fito da ita a Faransa a 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, ta kuma ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Masana'antar Peugeot Automobile Nigeria da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara 20 bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. Wannan doguwar rayuwa ita ce tushen matsalar. Akasarin ƙananan 504 da ke kasuwa kwafin samfurin farko ne na Turai, ko kuma na tseren daji, tunda motar ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson. Wadda ta yi zirga-zirga tsakanin Kano da Zariya a shekarun 1980 kuwa ta sha bamban da su ta fuskoki da dama.

Hoto kafin komai

Aikin yana farawa ne da tattara shaida, tun ba a sayi komai ba. Ƙwaƙwalwa takan yaudari mutum a kan mota: 'yan gida ɗaya sai su yi gardama a kan ko fara ce ko ruwan madara, ko giyarta a ƙasa take ko a jikin sitiyari. Duk hoton da motar ta fito a ciki yana da amfani, ko da na biki ne da ta leƙo daga bayan jama'a. A ɗauki kowanne da sikana, ko da kyamarar waya a cikin inuwa mai haske, wayar na fuskantar hoton kai tsaye ba a karkace ba. Tsohuwar takardar mota, idan ta tsira, za ta ba da shekara, lamba da samfuri, misali GL ko GR ko SR.

Manhajojin da ke gyara tsohon hoto da ƙirƙirarriyar basira suna da haɗari a wannan mataki. Ba su dawo da abin da ya ɓace, cike gurbi suke yi da abin da ya yi kama. Lambar mota da ta dusashe za ta iya fitowa tas da haruffan da ba su taɓa kasancewa a jikin motar ba. Don karanta lamba, gara a ƙara haske da duhun asalin hoton da hannu, a kuma gwada da wani hoton.

Hoton gefe ya fi kowanne daraja, domin ana iya mayar da shi ma'auni. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya a salun ɗin 504 mita 2.74 ce. Idan a kan allon kwamfuta wannan tazara ta kai santimita 13.7, ke nan kowace santimita ɗaya a hoton daidai take da santimita 20 a zahiri. Da wannan lissafi za a san tsawon kariya, tsayin eriya, da nisan ƙasan motar daga ƙasa, ba tare da an dogara da ƙiyasi ba.

Zaɓen girma da zaɓen motar da za a yanka

Lambobin da ke jikin kwali, 1:18, 1:24, 1:43, 1:64, suna nuna sau nawa aka rage motar. Salun ɗin 504 tsawonta mita 4.49 ne. A 1:18 za ta kai kusan santimita 25, a 1:43 santimita 10 da ɗoriya kaɗan, a 1:64 kuwa, girman Hot Wheels, santimita 7. Girman 1:43 ya samo asali ne daga jiragen ƙasa na wasa na Ingila, inda milimita 7 ke wakiltar ƙafa ɗaya, kuma shi ne girman da aka fi samun motocin Faransa a cikinsa. Norev, Solido da IXO duk sun yi 504 a wannan girma. Babbar ta 1:18 ta fi sauƙin aiki ga mai manyan yatsu, amma ta fi tsada, kuma ido yana ganin duk abin da aka bari ba a gyara ba, har cikin ɗakin inji. Ga wanda zai yi aikin farko, 1:43 ta fi rufin asiri.

Lissafi ɗaya ya kamata ya zauna a kan mai aikin daga farko har ƙarshe: a 1:43, milimita ɗaya daidai take da milimita 43 a motar gaske. Kuskuren rabin milimita wajen manna bamba tamkar an ɗaura bambar gaske a karkace da santimita 2 ne.

Wajen zaɓen motar da za a yi aiki a kanta, launi shi ne abu na ƙarshe da za a duba, tunda fentin zai tafi. Abin dubawa shi ne duk wani abu da aka zuba cikin ƙarfen jiki, wanda ba ya canzuwa sai da wahala. Na farko siffar jiki. Wagon ɗin 504, wadda ta yi shekaru tana ɗaukar fasinja a tashoshin mota, ba salun ba ce da aka ƙara wa rufi: tazarar tayoyinta mita 2.90 ce, tsawonta mita 4.80, ƙofofin bayanta ma daban suke. Duk wanda ya ce zai yanka salun ya miƙar da ita ta zama wagon ya ɗauko wa kansa aikin watanni, sakamakon kuma da wuya ya yi kyau. Na biyu hannun ƙofa. Samfuran farko suna da hannu mai tudu da ake danna maɓalli, daga tsakiyar shekarun 1970 aka koma hannun da ke nutse cikin ƙofa. Na uku fitilun gaba. Fitilar 504 da aka sani mai kusurwa huɗu ce wadda ba ta daidaita ba, amma waɗanda aka kai Amurka zagayayyun fitilu huɗu gare su, don haka wanda ke oda daga waje ya lura da hoton sosai.

Sai ɓangaren sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, shi ya sa duk motar da aka harhaɗa a Kaduna sitiyarinta a hagu yake, daidai da na ƙananan motocin da ake kwafa daga Faransa. Amma idan motar gidan tun kafin sauyin aka shigo da ita, mai yiwuwa sitiyarinta a dama yake, sai an yanke dashbod an juya shi.

Abu biyu ne za su sa a ajiye mota a nemi wata. Ɗaya tsufa mai daraja: tsohuwar Dinky Toys ta Faransa da fentinta na asali da kwalinta kayan tarihi ce, ranar da aka huda ta darajarta ta tafi, kuma sabbin kwafi sun fi ta daidaito nesa ba kusa ba. Ɗayan kuma ciwon ƙarfe. Jikin waɗannan motoci da zamak ake zuba shi, wato haɗin tutiya, alminiyom, magniziyom da jan ƙarfe. Idan dalma ta gurɓata haɗin tun a masana'anta, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura, ya tsattsage, ya riƙa marmashewa. Ba shi da magani. Alamarsa ƙananan tsaga kamar na busasshiyar fadama a ƙarƙashin fenti, ko ƙofar da ta daina rufuwa ba dalili.

Warwarewa da cire fenti

Wasu motocin da sukuru aka ɗaure ƙasansu, waɗannan ba su da wuya. Wasu kuwa ribiti ne: ginshiƙi ne da ya fito daga jikin motar, ya ratsa farantin ƙasa, aka dake kansa ya baje. Ana fara huda tsakiyarsa da siririn bakin injin huda, kamar milimita 1.5, zurfin da bai wuce milimita 4 ko 5 ba, sannan a sa babban baki a share bajajjen kan kawai. Wanda ya zarce da hudar farko zai ga bakin ya ɓullo ta saman bonet. Shi ya sa ake naɗa ɗan tef a jikin bakin a matsayin iyaka. Daga baya ana yanka zare a cikin ramin a sa sukuru mai girman M2, yadda za a iya sake buɗe motar duk lokacin da aka so. A ɗauki hoton kowane mataki da waya, a zuba ƙananan sassa cikin kwanon da ke da murfi. Madubin gefe na 1:43 bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, idan ya faɗi a kan darduma sai dai haƙuri.

Ba a sa komai cikin maganin cire fenti sai zallan ƙarfe. Gilashi, fitilu, kujeru da tayoyi duk roba ne, tina ko asiton za su narkar da su cikin daƙiƙoƙi, gilashin da ya yi hazo da tina kuwa ba ya dawowa. Ga ƙarfen akwai hanya uku. Maganin cire fenti na gwangwani yana aiki cikin mintuna. Man birki nau'in DOT 3 ko DOT 4 yana ɗaukar kwana ɗaya ko biyu, amma ya fi sauƙin sarrafawa. Sodar da ake yin sabulu da ita ta fi duka sauri, ta kuma fi duka haɗari: tana ƙona fata, tana iya makantar da ido, kuma tana cin tutiya da alminiyom, wato ainihin abin da aka yi jikin motar da shi. Wanda zai yi amfani da ita ya yi a waje, da safar hannu da tabarau, ya zuba sodar cikin ruwa ba ruwa a kan soda ba, kada ya yi a tukunyar alminiyom, kada kuma jikin ya wuce 'yan mintuna a ciki. Ga mota guda ɗaya tak, babu wani dalilin ɗaukar wannan kasada, man birki ya wadatar.

Idan fenti ya fita, sai a ga abin da ya ɓoye: layin da ya rage inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, da ƙananan ramuka. A goge layin da siririyar zarto da sanfefa mai lamba 400, a bi da 800. Idan ƙaramar motar tana da tagar rufi, ta gidan kuwa ba ta da ita, a cike zanen da ƙullin ifoksi irin Milliput, a bar shi ya kwana, a goge. Sirrin wannan gyara shi ne a naɗe sanfefar a jikin wani abu mai faɗi, domin yatsa yana bin lanƙwasa ya bar kwari a rufin, kwarin kuma ba ya bayyana sai an fesa fenti mai sheƙi.

Sassan da babu su a kasuwa

Abin da ke sa a gane motar gida sau da yawa ba daga masana'anta ya zo ba. Kariyar da maƙeri ya haɗa, ƙarfen kare fitila, doguwar eriyar rediyo, robar taɓo mai rubutu, labulen gilashin baya, rigar kujera da tela ya ɗinka. Babu kamfanin da zai yi waɗannan, sai mai aikin.

Lissafin raba 43 ne ke jagora. Bututun kariya mai kaurin milimita 20 zai koma 0.47, don haka wayar tagulla mai rabin milimita ta yi daidai, a lanƙwasa ta a kan zanen da aka buga a takarda, a haɗa da dalmar lantarki irin ta masu gyaran rediyo. Eriya mai kaurin milimita 3 za ta koma 0.07, kusan kaurin gashin kai, shi ya sa eriyar roba da kamfanoni ke sakawa take kama da taɓarya. Silin waya ɗaya daga cikin tsohuwar wayar caja ya fi ta dacewa. Robar taɓo ana yanka ta daga baƙin tef na lantarki da aka manna a kan takarda. Rigar kujera kuwa fenti ne kawai, domin saƙar kowane yadi na gaske ta yi girma da yawa a wannan sikeli.

Wili da murfinsa su ne suka fi wahalar yi da hannu, kuma a nan firinta ta 3D take nuna amfaninta. Wilin 504 inci 14 ne, wato milimita 356, amma wannan awon wurin da taya ke zama ne. Abin da ido ke gani har da leɓen wilin ya kusa santimita 39, don haka a 1:43 milimita 9 ake nema, ba 8.3 ba. Mutane da yawa suna faɗawa wannan rami, su buga wilin da ya yi wa motar kaɗan. Ana zana shi a Tinkercad, wanda kyauta ne kuma a burauza yake aiki, ko a Blender ga wanda ya iya, a fitar da fayil ɗin STL.

Ba kowace firinta ce za ta yi ba. Wadda ke narkar da zaren roba bakinta yawanci milimita 0.4 ne, a 1:43 kowane layi da ta shimfiɗa daidai yake da tudun milimita 17 a motar gaske. Wili zai fito kamar an saƙa shi da igiya. Firintar rezin ce ta dace, wadda ke daskarar da ruwan rezin da hasken UV, shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace milimita 0.05 ko ƙasa da haka. Ɗanyen rezin yana sa ƙaiƙayi da borin fata, don haka ba a taɓa shi sai da safar hannu, a wanke abin da aka buga da sinadarin isofurofil, a gasa shi a hasken UV ko a rana kafin a shafa masa komai. Sayen firinta saboda wili huɗu ɓarnar kuɗi ce. Masu buga wa jama'a suna karɓar fayil ta intanet, kuma tunda kuɗin ya danganta da yawan rezin da lokacin injin, ya fi kyau a tura komai a faranti ɗaya, kowane sashi kwafi biyu ko uku saboda karyewa.

Idan hoto ya nuna motar gidan ta fi ƙaramar tsayi daga ƙasa, ana saka siririn yankin roba tsakanin gatarin taya da farantin ƙasa. Rabin milimita ya ɗaga ta da santimita 2. Gyara ne da bai kai minti goma ba, amma yana canza tsayuwar motar gaba ɗaya.

Launi

Nan ne aka fi samun takaici, domin launi shi ne abin da kowa a gida yake ganin ya tuna. Tsofaffin hotunan kala ba abin dogaro ba ne kai tsaye, rininsu yana komawa ja ko ɗorawa da shekaru. Dabarar ita ce a nemi wani abu a hoton da aka tabbata fari ne, kamar farar riga ko hula, a gaya wa manhajar gyaran hoto cewa wannan shi ne fari, sauran launukan sai su matso kusa da gaskiya. Hanyar da ta fi wannan ita ce a sami wata 504 mai irin launin wadda har yanzu take raye, a duba wuraren da rana ba ta taɓa gani ba: cikin murfin but, bakin ƙofa, ƙarƙashin darduma. Masu haɗa fentin mota a kasuwa suna iya haɗa ɗan kaɗan da ido idan aka ba su abin kwatance. Akwai kuma tambayar da mai motar ne kaɗai zai amsa: launin ranar da aka sayo ta ake so, ko launin da ta koma bayan shekara goma a rana, ko wanda mai fenti ya sake mata daga baya? Yaran gida yawanci na ƙarshen suka sani.

Kafin a taɓa motar, a fesa gwaji a bayan cokulan roba, a duba a rana da kuma cikin ɗaki. Launi mai duhu yakan ƙara duhu a kan ƙaramin abu, don haka ana ɗan sassauta shi. Fenti mai ƙyalƙyali kuwa matsalarsa girman ƙwayar alminiyom ɗin da ke cikinsa: wadda ta yi daidai a motar gaske za ta fito kamar tsakuwa a 1:43, sai a nemi mafi laushin ƙwaya.

Fenti ba ya kama zamak da kyau sai an fara da furaima mai cin ƙarfe. Bayan ta, shafi biyu ko uku marasa kauri, ana barin kowanne ya sha iska. Kauri shi ne abokin gaba. Shafin da ya kai 0.1 na milimita daidai yake da fiye da milimita 4 a zahiri, kusan faɗin tsagar da ke tsakanin ƙofa da jiki, don haka fesawa ɗaya mai nauyi za ta cike layin ƙofa, motar ta koma kamar sabulu. Ƙaramar bindigar fenti mai bakin milimita 0.3 ta fi gwangwanin feshi iko, amma gwangwanin ma yana yi idan aka riƙe shi da tazarar kamu ɗaya da rabi, hannu na tafiya ba tsayawa. Kada a fesa fentin da ake tsinkawa da tina a kan fentin mai, yana tattare shi ya yi yamushi.

Yanayi yana da nasa hukunci. A lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti cikin minti ɗaya, maganinta a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a kife roba mai tsabta a kan motar da zarar an gama. Da damina kuwa laima takan sa fenti ya yi fari-fari kamar hazo, sai a jira rana mai bushewa. Game da shafin ƙarshe mai sheƙi, an fi yawan wuce gona da iri. Farar 504 ta 1982 ba ta taɓa yin ƙyallin motocin yau ba, kuma shafin nan mai haɗi biyu da masu fentin mota ke amfani da shi yana ɗauke da sinadarin isosayanet mai illa ga huhu, takunkumin yadi ba ya tare shi. Siririn shafi na fentin ƙananan motoci, a goge shi da man goge mota bayan mako guda, ya fi kama da gaskiya.

Bamba, bakin gilashi da hannun ƙofa ana yi musu kurom da siririn foyil mai gam irin Bare-Metal Foil, ko da alƙalamin Molotow Liquid Chrome, wanda yake dusashewa idan aka taɓa shi, don haka shi ne na ƙarshe.

Lamba da rubutu

Lambar mota ita ce ke mayar da 504 ta kowa ta zama ta gida ɗaya. Tun 1992 lambobin Najeriya girman na Amurka gare su, kusan santimita 30 da 15, da sunan jiha a sama: shuɗin rubutu na masu zaman kansu, ja na haya, kore na gwamnati. A 1:43 wannan milimita 7 ne da 3.5. Ana zana ta a Inkscape da girmanta na gaske sannan a rage, domin zanen layi ba ya fashewa idan an ƙanƙanta shi, saɓanin hoto. Ba a samun irin haruffan daidai a cikin kwamfuta, gara a ɗora hoton lambar a ƙasa a bi kowane harafi da hannu.

Ana bugawa a takardar sitika ta ruwa, wadda ake jiƙawa hoton ya zame ya kwanta a jikin mota. Idan firintar mai tawada ce, dole a fesa siririn shafi a kan takardar kafin ta shiga ruwa, in ba haka ba rubutun zai wanke. Firintar gida ba ta buga fari, farin takarda take bari. Wannan yana da muhimmanci ga tsofaffin lambobin da suka gabaci 1992, masu farin rubutu a kan baƙi waɗanda ke farawa da haruffan jiha kamar KN ko KD. Takarda mai farin baya ake saya, a buga baƙin kewaye da haruffan, a yanka, a bi gefen da baƙin alƙalami don kada farin ya leƙo. Rubutun bayan gilashi da sitikar makaranta ko ta ƙungiya kuwa a takarda mai bayan garau ake buga su. A manna lambar a kan siririn faranti na roba tukuna, kada a jikin bamba kai tsaye, saboda lambar gaske tana da kauri da inuwa.

Haɗawa da ajiya

Wajen mayar da gilashi da fitilu, sufa gulu haramun ne. Tururinsa yana bin duk inda maiƙon yatsa yake ya bar farin tabo a cikin gilashi, inda hannu ba zai sake kaiwa ba bayan an rufe. Farin gam na kafinta shi ake amfani da shi, yana bushewa garau, kuma idan ya fita ana goge shi da jiƙaƙƙen auduga. Sassan ƙarfe kamar kariya su ne ke son ifoksi, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace. Kafin a ɗaure sukuru na ƙarshe, a ajiye motar a kusurwar da aka ɗauki tsohon hoton, a ɗauke ta da waya daga nesa da zuƙowa, a jera hotunan biyu a allo. Kyamara tana nuna karkatacciyar lamba ko madubin da ya sauka, abin da idon da ya yi makonni yana kallon motar ya daina gani.

Akwatin ajiya mai murfin roba garau yana tare ƙura, amma ba ya tare rana. Hasken taga yana dusar da fenti, yana sa farar sitika ta koma ruwan ɗorawa, zafin saman talabijin ko dashbod ɗin mota kuwa yana lanƙwasa rezin. Tayoyin roba mai laushi ma suna fitar da wani mai da ke narkar da robar da suka daɗe a kanta, su manne da farantin akwatin. Ɗan guntun katako a ƙarƙashin cikin motar, wanda zai ɗaga tayoyin da kaurin takarda ɗaya, yana hana hakan, kuma daga waje ba a ganinsa.